Ranakun Buɗe Gine-ginen Tarihi a Turai

Ranakun Buɗe Gine-ginen Tarihi biki ne da ake yi kowace shekara cikin watan Satumba a kusan dukkan ƙasashen Turai. A cikinsa ake buɗe wa jama'a ƙofofin fadoji, majalisun dokoki, majami'u, tsofaffin masana'antu da gidajen mutane, wuraren da a sauran ranakun shekara ba a shiga sai da izini. Yawanci shigar kyauta ce. A hukumance sunansa Ranakun Gadon Turai, amma kowace ƙasa da yadda take kiransa a harshenta. Ya bambanta da gidan adana kayan tarihi irin Gidan Makama na Kano, wanda aikinsa ke nan karɓar baƙi. A nan ginin yana da masu shi, wasu aiki suke yi a ciki, wasu a nan suke kwana, aron kwana ɗaya ko biyu kawai suke ba mutanen gari.

Asali

Daga Faransa abin ya taso. Ranar 23 ga Satumba, 1984, Ma'aikatar Al'adu ta ƙasar, a ƙarƙashin minista Jack Lang, ta shirya yini guda na buɗe ƙofofin gine-ginen tarihi. Faransa dama ta daɗe tana ƙidayar irin waɗannan gine-gine. Tun 1840 aka fitar da jerinsu na farko, a 1913 kuma aka kafa dokar da har yau ita ce tushen kare su. Sai dai kare gini daban, barin mutane su gan shi daban. Akwai ginin da ake gyarawa da kuɗin haraji shekara da shekaru, amma mai biyan harajin bai taɓa wuce bakin ƙofarsa ba. Wannan giɓin ne Lang ya so ya cike.

Mutane sun fito fiye da yadda aka zata. A 1985, a taron ministocin da ke kula da gine-ginen gado a birnin Granada na Sifen, Lang ya ba takwarorinsa shawarar su gwada a ƙasashensu. Holand ta fara a 1987, Beljiyam a 1989, Sukotland a 1990, shekarar da aka naɗa Glasgow birnin al'adun Turai. A 1991 Majalisar Ƙasashen Turai mai mazauni a Strasbourg, wadda ba ita ce Tarayyar Turai ba ko da yake ana yawan haɗa su, ta tattara waɗannan bukukuwa a ƙarƙashin suna ɗaya. Jamus ta shigo a 1993, Ingila a 1994. Tun 1999 Majalisar da Hukumar Tarayyar Turai ke ɗaukar nauyin shirin tare, kuma ƙasashe kusan 50 ne ke cikinsa.

Yadda ake yi a Faransa

A Faransa bikin yana faɗawa Asabar da Lahadi na uku na Satumba. A 1992 aka mayar da shi kwana biyu. A shekarun 2010 ma'aikatar ta sha ba da ƙiyasin wurare kimanin 17,000 da ziyara kimanin miliyan 12 a ƙarshen mako guda. Daga 2019 an ƙara ranar Juma'a domin 'yan makaranta, malamai su fita da su su ga abin da ke unguwarsu.

Inda aka fi rububi shi ne gidajen mulki na Paris: fadar Matignon ta firaminista, fadar Luxembourg ta majalisar dattawa, fadar Bourbon ta majalisar wakilai, sai uwa uba fadar Élysée ta shugaban ƙasa, mai lamba 55 a titin Faubourg Saint-Honoré. A da mutane kan yi sammako su shiga layi tun da duhu, su yi awoyi a tsaye. Yanzu sai an yi rajista ta intanet, kuma guraben kan ƙare nan da nan. Wanda ya samu shiga zai bi tsakanin igiyoyin da aka gitta, ya ratsa babban zauren biki da aka ƙaddamar a 1889, ya hau bene ya leƙa ɗakin da ake kira na zinariya, wanda yawancin shugabanni tun daga Janar de Gaulle suka yi ofis da shi. Teburin da ake sa hannu a kan dokokin ƙasa yana nan, taku kaɗan daga inda ɗan ƙasa yake tsaye riƙe da hannun ɗansa. Ba abin rainawa ba ne mutum ya ga da idonsa cewa mulki ma a cikin ɗaki yake, mai taga da kujera.

Sauran ƙasashe

A Holand ƙarshen mako na biyu na Satumba ne, kuma ana kafa tuta ta musamman a ƙofar duk ginin da aka buɗe domin mai wucewa ya gane. Jamus yini ɗaya take yi, Lahadi ta biyu, ƙarƙashin wata gidauniyar kare gine-ginen tarihi da aka kafa a 1985. Sukotland kan rarraba nata a ƙarshen makonnin watan, kowane yanki da nasa. A Ingila ƙungiyar Civic Trust ce ta fara shi. Da ta durƙushe a 2009 sai English Heritage, hukumar gwamnati mai kula da wuraren tarihi a lokacin, ta riƙe, daga 2011 kuma National Trust, ƙungiya mai zaman kanta da ke riƙe da tsofaffin gidaje da wuraren tarihi, ke jagoranta. Yanzu kwana goma ake yi a can, da sharaɗi ɗaya da ba a sassautawa: ba a karɓar ko sisi a bakin ƙofa.

Masu riƙe da mabuɗi

Hotunan fadoji ne ke cika jaridu, amma ƙarfin bikin yana ƙananan wurare ne, kuma a nan ya fi cancantar yabo. Galibin abin da ake buɗewa ba sananne ba ne ko a lardin da yake: injin niƙa mai aiki da iska ko ruwa, hasumiyar agogon gari, maƙera, rumbun ajiyar takardun ƙaramar hukuma, tashar tura ruwa, ramin da aka ɓuya lokacin yaƙin duniya na biyu, masallaci ko wurin ibadar Yahudawa da maƙwabta ba su taɓa shiga ba. Masu buɗe su 'yan sa-kai ne, ba albashi. Wani dattijo ne da ya yi aiki a masana'antar kafin a rufe ta, zai tsaya gaban injin ya nuna inda yake sa hannu da inda ake tsoron sa hannu. Wata mai gida ce za ta kwashe tabarmin falonta ta nuna daɓen da ya girmi kakanninta. Bayanin da irin waɗannan mutane ke bayarwa babu shi a kan allon da ake liƙawa a bango, kuma idan suka tafi da shi suke tafiya.

Hikimar shirin a fili take. Gani ya kori ji: wanda ya hau matakalar hasumiya ya ga inda katako ya ruɓe, shi zai fara magana ran da aka ce za a rushe ta ko a sayar. Masu gyaran gine-gine sun gane haka, shi ya sa a ranakun suke buɗe wuraren da ake kan aiki, masassaƙan dutse da kafintoci da masu gyaran gilashi mai launi su yi aikinsu a gaban mutane. Sana'o'i ne da ke neman magada.

Muhawara

Tambayar da ta fi zafi ita ce: gadon wa ake biki? Kalmar da Faransawa ke amfani da ita, patrimoine, tushenta daga kalmar Latin mai nufin uba ne, wato abin da aka gada daga uba. Saboda haka tun 2015 wasu ƙungiyoyin mata ke shirya nasu ranakun a daidai wannan lokaci, da sunan gadon uwa, domin tuna mata magina, marubuta da mawaƙa da aka manta.

Akwai kuma batun inda kuɗin ginin ya fito, wanda ya shafi Afirka kai tsaye. Fadar Élysée ɗin nan an gina ta tsakanin 1718 da 1722 domin wani basarake mai sarautar Évreux, wanda ya auri 'yar attajiri Antoine Crozat, kuma dukiyar da amaryar ta zo da ita ce ta tsayar da ginin. Crozat yana cikin manyan masu hannu a cinikin bayi na zamaninsa. A Ingila, National Trust ta fitar da rahoto a Satumban 2020 da ya nuna gidaje da wurare 93 da ke hannunta suna da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka. An yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa an ɓata sunan magabata. Amma in dai an buɗe wa mutum ƙofa, an nuna masa rufin zinariya, haƙƙinsa ne a gaya masa gumin wa ya biya shi.

Sauran ƙorafe-ƙorafen na yau da kullum ne: cunkoso a manyan wurare alhali ƙanana na neman baƙi, matakan tsaro, tsofaffin matakalai da mai keken guragu ba ya iya hawa, da lalacewar da dubban ƙafafu ke yi wa daɓe cikin kwana biyu.

Bazuwa wajen Turai

Wani reshe na wannan tunani ya tsiro a Landan a 1992, lokacin da Victoria Thornton ta kafa shirin Open House, wato buɗaɗɗen gida, wanda ya haɗa har da sababbin gine-gine na zamani, ba na tarihi kaɗai ba. Toronto ta Kanada ta fara nata bikin buɗe ƙofofi a 2000 bisa koyi da Sukotland, New York ta bi tsarin Landan a 2003. A 2016 aka yi irinsa a Legas, karon farko da wannan shiri ya sauka a wani birni na Afirka.