Waiwaye: Yadda Gyaɗa Ta Ture Gurjiya Gefen Gona

Gurjiya, ko kwaruru, 'yar asalin ƙasar nan ce. Masana tsirrai sun samo danginta na daji tsakanin Yola da Garwa ta Kamaru, kuma ana nomanta tun kafin Turawan Fotugal su shigo da gyaɗa daga Kudancin Amurka a ƙarni na 16.

Da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa saboda manta, wanda ya kai kusan rabin nauyin ƙwayar. Gurjiya kuwa manta bai wuce kashi 6 ko 7 cikin ɗari ba, don haka ba ta samu mai saye a sikeli ba. Manoman Katsina da Daura suka ba gyaɗa gonaki masu kyau, da ita ake biyan haraji, gurjiya ta koma gayaunar mata da gefen jigawa. Ko da cutar da ta nakasa gyaɗa ta auko a 1975, hankalin masu bincike bai karkato gare ta yadda ya kamata ba.

Abin takaicin shi ne, wajen ciyar da iyali gurjiya ba kanwar lasa ba ce. Kusan kashi 60 na busasshiyar ƙwayar sitaci ne mai ba da ƙarfi, kashi 18 zuwa 20 kuma furotin mai gina jiki. Sinadarin laisin, wani ɓangare na furotin da ya yi ƙaranci a gero da dawa, tana da shi wadatacce. Shi ya sa kunun yaye da aka haɗa gero kashi uku da garin soyayyar gurjiya kashi ɗaya ya fi na gero zalla gina yaro nesa ba kusa ba. Ga ta da jure fari, ga ƙara wa ƙasa ƙarfi, abin da rairayin Daura ke bukata.

Babban abin da ya sa mata suka guje ta shi ne wuyar dahuwa. Ɗanyar kaka takan nuna cikin awa guda, amma wadda ta kwana biyu a rumbu sai ta ci awa uku ko huɗu, ga tsadar itace. Da yawa sukan zuba kanwa, kuma in ta yi yawa tana lalata wani ɓangare na bitamin B. Jiƙa ta daga dare zuwa safe a zubar da ruwan ya fi, domin yana rage lokacin wuta, yana kuma rage sinadaran da ke hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Baƙa da ja sun fi fara ɗauke da irin waɗannan sinadarai a fatarsu, sai a surfe su kafin niƙa.

Ajiya kuma a bar ta cikin ɓawonta bayan ta bushe ƙayau, har a ji tana ƙara in an girgiza. Wadda aka ɓare da wuri ƙwari ke fara hudawa.

Yau cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan na adana irinta kala-kala, mutanen Inugu kuma na cin okpa, wani irin alale na garinta, a matsayin karin kumallo. A nan gida har yanzu yawanci dafaffiya ake saye a faranti lokacin kaka, sannan a manta da ita sai baɗi.