Ƙiyasta darajar libarba ta tunawa

Libarba ta tunawa ƙaramar bindiga ce mai gangar harsashi da ke juyawa, wadda kamfani ke ƙera adadi ƙayyadajje nata domin bikin cikar shekaru, ko karrama wani mutum, ko wata runduna. Akan ƙawata ta da zane a jikin ƙarfe da ruwan zinariya ko na azurfa, a sa ta cikin akwatin katako mai shimfiɗar karammiski. Kasuwarta a Amurka take, kuma masu sayenta ajiya suke nufi, ba harbi ba.

Kamfanin Colt na birnin Hartford a jihar Connecticut ne ya buɗe wannan harka sosai a shekarar 1961. A shekarar ya fitar da samfurin Single Action Army na cika shekara 125 da samun lasisin ƙira da Samuel Colt, wanda ya kafa kamfanin, ya yi a 1836, kuma an ƙera fiye da 7,000. Kamfanin Smith & Wesson ya bi sahu: a 1973 ya fitar da samfurin Model 19 guda 10,000 domin cikar Texas Rangers, rundunar jami'an tsaro ta jihar Texas, shekara 150, akasarinsu tare da wuƙa a cikin akwati ɗaya.

Abin da ake fara dubawa shi ne ko an taɓa ta. A nan ne wannan bindiga ta sha bamban da tsohuwar bindigar yaƙi, wadda ake yafe mata tabo da goguwa saboda tarihin da ta ɗauko. Ta tunawa ba ta da wani tarihi sai sabuntarta, don haka farashin da ake rubutawa a littattafan ƙiyasi, irin su Blue Book of Gun Values, na wadda ba a harba ba ne, tana cikin kwalinta yadda ta baro masana'anta. Mai ƙiyasi yakan ɗaga ta gaban fitila ya leƙa fuskar gangar: harbi yana barin baƙin zobe na ƙunar albarushi a bakin kowane rami. Sannan ya duba kewayen gangar. Akwai ɗan ƙarfen da ke riƙe ta, wanda ke gogar jikinta duk lokacin da aka ɗana bindigar, har ya bar siririn layi kamar an ja da allura. Wannan layi kaɗai ya isa ya rage kuɗi, ko da harsashi bai taɓa shiga ba. Shi ya sa masu ajiya ba sa yarda baƙo ya ɗana musu bindiga, wasu ma sai da safar hannu ta auduga suke ɗaukarta, domin gumin yatsa yana haifar da tsatsa. Wadda aka riga aka harba kuwa, yawanci kuɗinta yakan sauko kusa da na bindigar yau da kullum mai irin ƙirarta.

Daga nan sai kayan rakiya: akwati da makullinsa, kwalin waje mai ɗauke da lambar bindigar, takardar shaida, lambar girma ko wuƙa in da su aka fito. Mutane da yawa sun jefar da kwalin waje suna ganin akwatin katako ya wadatar, alhali kwalin yana cikin abin da mai saye zai fara tambaya. Lambar da ke jikin kwali dole ta dace da ta jikin ƙarfe. Colt yana da sashen adana tarihi da ke bayar da wasiƙa, bayan an biya kuɗi, mai nuna ranar da bindiga ta bar masana'anta da inda aka aika ta.

Batun ƙaranci shi ne inda magada suka fi yin kuskure, kuma abin tausayi ne ganin iyali sun ɗora buri kan abin da uba ya bari. Rubuta "ɗaya daga cikin 10,000" ba ya sa abu ya yi wuyar samu, tunda kusan duk dubu goman an adana su lafiya a ɗakunan mutane. A kwatanta da tsohuwar libarbar Colt Walker ta 1847, wadda 1,100 kacal aka ƙera, aka tafi da yawancinsu fagen daga, kaɗan suka tsira: a 2018 kamfanin gwanjo na Rock Island ya sayar da guda ɗaya a kan dala miliyan 1.84. Cikin na tunawa, waɗanda suka fi riƙe daraja su ne masu ƙaramin adadi, masu zanen hannu na gwani maimakon na inji, da waɗanda masana'antar da kanta ta fitar. Waɗanda wani kamfanin talla ya saya ya yi wa ado daga baya ba kasafai suke mayar da kuɗin da aka saye su ba. Akwai kuma kwaikwayo na ado da ba sa harbi sam. Waɗannan kasuwarsu daban ce.

Wajen yanke adadi, kuɗin da mai kaya ya sa ba hujja ba ne, sai wanda aka sallama. Ana tattara sakamakon gwanjo na kwanan nan na samfuri iri ɗaya mai yanayi ɗaya, a cire la'adar gidan gwanjo idan ana son sanin abin da zai shigo hannu. Dillali yakan taya ƙasa da haka, tunda shi ma riba yake nema, ƙiyasin inshora kuma yakan ɗara, domin kuɗin sayen madadi ake lissafawa.