Bambancin jinsi da launin fata a gidajen yari

Bambancin jinsi da launin fata a gidajen yari fanni ne da masana laifuka ke nazarinsa, domin sanin su wane ne suka fi yawa a tsare da kuma dalilin hakan. A ko'ina a duniya maza ne suka fi yawa. Mata ba su wuce kusan kashi 7 cikin 100 na fursunonin duniya ba, a Najeriya kuwa kusan kashi 2 ne.

Batun launin fata ya fi fitowa fili a Amurka. Baƙaƙen fata kusan kashi 13 cikin 100 ne na al'ummar ƙasar, amma sun kai kusan kashi ɗaya bisa uku na fursunonin jihohi da na tarayya. Ɗaya daga cikin dalilan da ake yawan kawowa shi ne dokar miyagun ƙwayoyi ta 1986, wadda ta daidaita hukuncin giram 1 na ƙanƙarar hodar iblis (wato dunƙulalliyar da ake kira crack) da na giram 100 na garinta. Ƙanƙarar ce ta fi yawa a unguwannin talakawan baƙaƙen fata. Sai a 2010 aka rage tazarar zuwa 18 da 1.

A Kebbi da Zamfara launin fata ba ya cikin lissafi. Bahaushe da Bafulatani da Badakkare da Bazabarme duk ɗaki ɗaya suke kwana a gidajen yarin Birnin Kebbi, Argungu, Zuru ko Gusau. Abin da ke raba mutane a nan shi ne ƙarfin aljihu: mai lauya da mai tsaya masa ya samu beli, marar galihu ya zauna. Kusan kashi biyu bisa uku na waɗanda ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, kotu ba ta same su da laifi ba tukuna.

Ƙarancin mata a kurkuku shi ya jawo ake mantawa da su. Gidajen yari na mata zalla, irin na Kirikiri a Legas, 'yan kaɗan ne, don haka a mafi yawan jihohi ɗan sashe ake ware musu a cikin gidan maza. Mai ciki na bukatar awo, mai goyo na bukatar wurin renon jariri, ga audugar al'ada. Ga kuma zancen gari, wanda ya fi tsananta wa mace: sau da yawa namiji ya fito dangi su karɓe shi, ita kuwa ta tarar aurenta ya mutu.

Dokokin Bangkok, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010, sun tanadi kulawa ta musamman ga fursunoni mata. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya ta 2019 ta ce a samar wa mata wuraren tsarewa daban a kowace jiha. A 2023 kuma gyaran tsarin mulki ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen yarin, wanda ke nufin gwamnatocin Kebbi da Zamfara na da damar gina na mata da kansu ba tare da jiran Abuja ba.