Auld Enemy: me ya sa 'yan Scotland ke kiran Ingila tsohuwar abokiyar gaba?

Duk ranar da Scotland za ta kara da Ingila a ƙwallon ƙafa ko zari-ruga, jaridun Glasgow da Edinburgh ba sa rasa kalmomi biyu a kanunsu: Auld Enemy. Da harshen Scots ne, wanda ɗan'uwan Ingilishi ne na kusa, kuma ma'anarsu tsohuwar abokiyar gaba. Ingila ake nufi, ba wata ba. Alhali mutanen ƙasashen biyu fasfo ɗaya suke riƙewa, sojansu ɗaya, sarkinsu ɗaya, kuma sun haura shekara 300 a ƙarƙashin gwamnati ɗaya.

Mu a nan mun saba da haɗe su duka mu ce Ingila. Sarauniyar Ingila, Turawan Ingila, wane ya tafi karatu Ingila ko da a Aberdeen yake. To wannan haɗewar tana cikin abin da ke ƙona wa ɗan Scotland rai. Birtaniya tarayya ce ta ƙasashe huɗu: Ingila, Scotland, Wales da Ireland ta Arewa. Ingila na da mutum kusan miliyan 57, Scotland kuwa wajen miliyan biyar da rabi. A majalisar wakilai ta Landan mai kujeru 650, Ingila ke da 543, Scotland 57. Duk wanda ya riƙe waɗannan alƙaluman ya riƙe rabin bayanin, domin a ganina rashin daidaiton girman nan ne ke ciyar da kalmar har yau, fiye da yaƙe-yaƙen da suka haife ta.

Su ma yaƙe-yaƙen ba ƙanana ba ne. A 1296 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya mamaye Scotland, ya ɗauke dutsen da ake naɗa sarakunansu a kai, ya kai shi Westminster a Landan. Dutsen ya yi shekara 700 a can kafin a maido da shi a 1996. William Wallace ya fatattaki sojan Ingila a gadar Stirling a 1297, daga baya aka kama shi aka yi masa kisan wulaƙanci a Landan a 1305. Sai Robert Bruce, wanda ya karya rundunar Edward na Biyu a Bannockburn a 1314. Wannan nasarar ce ake rerawa a waƙar da 'yan wasan Scotland ke tsayuwa a kanta kafin a busa usur, wato duk wasa sai an tuna wa Ingila ranar da aka kora sarkinta gida. A 1513 kuma Ingila ta rama a Flodden, inda Sarki James na Huɗu ya mutu a fagen fama tare da manyan fadawansa da yawa.

Amma ba da takobi aka haɗe ƙasashen ba. Da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta rasu a 1603 ba ta bar ɗa ba, sarkin Scotland ne, James na Shida, ya gaji gadon Ingila, ya tattara ya koma Landan. Majalisu kuwa sai a 1707 suka haɗe, bayan Scotland ta tafka asara a yunƙurin kafa zangon ciniki a Darien, cikin ƙasar Panama ta yau, inda dukiyar masu hannu da shuni da dama ta salwanta. Yarjejeniyar haɗewa ta zo da kuɗi kusan fam 398,000, da yawansu don biyan waɗanda suka yi asarar. 'Yan majalisa suka amince, talakawa suka yi bore a titunan Edinburgh da Glasgow. Shi ya sa har gobe akwai masu cewa sayar da ƙasar aka yi.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne Scotland ba ta narke ba. Yarjejeniyar ta bar mata tsarin shari'arta da kotunanta, ta bar mata cocinta wadda ba ta da bishop-bishop kuma sarki ba shi ne shugabanta ba, saɓanin ta Ingila, sannan makarantu suka ci gaba a kan nasu tsari. Digirin farko a Scotland shekara huɗu ne, a Ingila uku. Bankuna uku na Scotland har yanzu suna buga nasu takardun fam, kuma ba abin mamaki ba ne mai shago a kudancin Ingila ya jujjuya takardar ya ƙi karɓa. Ƙaramin abu ne, amma wanda aka yi wa ba ya mantawa. Haka lokacin da Elizabeth ta hau gado a 1952 aka kira ta "ta Biyu", wasu a Scotland suka lalata akwatunan gidan waya masu ɗauke da wannan lamba, suna cewa su ba su taɓa yin Elizabeth ta Ɗaya ba, yaya za a ba su ta Biyu? Daga baya hukuma ta daina sa lambar a akwatunan Scotland.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya ko da masu kishin Scotland ba za su ji daɗinta ba. Kalmar tsohuwar abokiyar gaba tana sa a ɗauka cewa Scotland ƙasa ce da aka yi wa mulkin mallaka kamar mu. Ba haka ba ne. Gaskiya ne bayan yaƙin Culloden na 1746 an yi wa mutanen tsaunukan arewa danniya, an hana su sanya tufafin gargajiya har zuwa 1782, daga baya aka tashi dubban manoma daga ƙasarsu don a zuba tumaki. Sai dai a Culloden akwai 'yan Scotland a ɓangarorin biyu, kuma da yawa cikin masu gonakin da suka kori talakawa 'yan Scotland ne. A daular Birtaniya kuwa abokan cin mushe ne. Glasgow ta yi arziki da taba da sukarin da bayi suka noma. Mungo Park da ya mutu a Bussa ɗan Scotland ne. Hugh Clapperton da ya shiga Kano da Sakkwato a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma mutu kusa da Sakkwato a 1827, shi ma nasu ne. Haka William Baikie da ya kafa zango a Lokoja. Kakanninmu da suka kira su duka Turawan Ingila ba su ga wata gaba tsakaninsu ba, don a ƙasarmu ba su nuna ta ba.

Inda kalmar ta fi samun gindin zama shi ne filin ƙwallo. Wasan ƙasa da ƙasa na farko a tarihin ƙwallon ƙafa tsakaninsu aka yi, a Glasgow, ranar 30 ga Nuwamba 1872, aka tashi babu ci. A 1967, shekara guda bayan Ingila ta ɗauki kofin duniya, Scotland ta je Wembley ta doke ta 3-2, magoya baya suka naɗa kansu zakarun duniya. A 1977 suka sake cin wasa a can, suka cika fili, suka karya ƙarfen raga, suka ciccire ciyawa suka tafi da ita gida. A Satumbar 2023 a filin Hampden na Glasgow, 'yan kallo sun yi wa taken sarki, wanda Ingila ke tsayuwa a kansa, ihu har ba a jin sa. Akwai kuma al'adar goyon bayan duk wanda Ingila ke karawa da shi, ko wace ƙasa ce. Andy Murray, ɗan wasan tennis na Scotland, ya taɓa faɗin haka cikin raha a 2006, ya sha zagi na tsawon shekaru daga Ingila. Shi kuwa ɗan Ingila, in ka tambaye shi babbar abokiyar hamayyarsa, Jamus zai ce ko Ajantina. Wannan halin ko-in-kula ya fi zagi ciwo.

Wani zai ce ai wasan barkwanci ne, irin na Fulani da Barebari. Akwai ƙamshin gaskiya, domin mutum kusan rabin miliyan da aka haifa a Ingila suna zaune a Scotland, ana auratayya, ana aiki tare, kuma yawancin tsokanar a baki take ƙarewa. Amma abokan wasa ba sa rigima a kan baitulmali ko a kan wanda zai yi mulki, su kuwa waɗannan suna yi.

Tun 1955 jam'iyyar Conservative ba ta ƙara cin mafi yawan kujerun Scotland ba, amma ta yi ta mulkin Birtaniya da ƙuri'un Ingila. Zamanin Firaminista Margaret Thatcher ta Conservative ya bar tabo mai zurfi: ma'adinan kwal da masana'antu suka rufe, kuɗin man Tekun Arewa na tafiya Landan, sannan a 1989 aka fara karɓar wani haraji na kowane baligi, mai kuɗi da talaka daidai, a Scotland shekara guda kafin Ingila. Mutane suka ji an mai da su zakaran gwajin dafi. Wannan fushin ne ya kai ga ƙuri'ar 1997, inda kashi 74 suka nemi majalisar kansu, aka buɗe ta a Edinburgh a 1999. Tana da iko a kan lafiya, ilimi, 'yan sanda da wani ɓangare na haraji. Tsaro da harkokin waje suna Landan, kuma jiragen ruwan yaƙi masu makaman nukiliya a Faslane ake ajiye su, ba nisa da Glasgow.

Ingila ma na da nata ƙorafin, kuma ba na banza ba ne. Abin da gwamnati ke kashewa a kan kowane mutum ya fi yawa a Scotland. Ɗalibi ɗan Scotland ba ya biyan kuɗin jami'a a gida, na Ingila na biyan sama da fam 9,000 a shekara. Magani kyauta ne a Scotland tun 2011. Kuma ɗan majalisa daga Scotland na iya jefa ƙuri'a a kan makarantun Ingila, na Ingila ba shi da ta cewa a kan na Scotland.

Ranar 18 ga Satumba 2014 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewa. Kashi 55 suka ce a zauna, kashi 45 suka ce a tafi, kuma kusan kashi 85 na masu zaɓe sun fito. Cikin hujjojin masu son a zauna har da cewa ɓallewa za ta fitar da Scotland daga Tarayyar Turai. Bayan shekara biyu aka yi ƙuri'ar Brexit: kashi 62 a Scotland suka zaɓi zama a Turai, babu ƙaramar hukuma ko ɗaya cikin 32 da ta zaɓi fita, amma ƙuri'un Ingila da Wales suka rinjaya, aka fita da su. Ban ga yadda za a yi wa mutane haka a ce kada su ji zafi ba. Jam'iyyar SNP mai fafutukar 'yancin Scotland ta nemi a sake ƙuri'ar ɓallewa, Landan ta ƙi, kuma a Nuwambar 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa majalisar Edinburgh ba ta da hurumin shirya ta sai da yardar Westminster, wato majalisar nan da Scotland ke da kujera 57 cikin 650.