Ayu da karatun dabbobin ruwa masu shayarwa a Nijar

Ayu (Trichechus senegalensis) dabbar ruwa ce mai shayarwa, ana samun shi tun daga Senegal har Angola, a bakin teku inda itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri da kuma can cikin koguna. Nijar ba ta da teku ko taki ɗaya, to shi ne ɗalibin Yamai ke iya bin sawunsa a kogin Isa, wato kogin Neja, su kifi whale da dolfin kam sai a littafi.

Siffa

Tsawonsa kan kai mita 3 ko fiye, ciyawar ruwa yake ci musamman burgu, yana leƙo hanci ya shaƙi iska ya koma. Macen na ɗaukar ciki wajen shekara guda ta haifi ɗa ɗaya. Masana sun ce giwa ce danginsa na kusa, ba dorina ba.

Tarihi da farauta

An ba shi sunan kimiyya a 1795, amma Sarkawa masunta sun riga kowa saninsa da nisa, su ne ke farautarsa da mashi daga cikin kwalekwale, kuma ba kowa ke taɓa wannan farauta ba sai wanda ya gada, da sirrinta da al'adunta. Ana cin naman, fatar a yi bulala, man kuma wato man ayu ya yi suna a kasuwar kayan mata har ƙasar Hausa baki ɗaya, ko da yake yawancin abin da ake tallatawa da sunan ana shakkar sahihancinsa. Wani ɗan uwansa babba na tekun Bering, tsakanin Rasha da Alaska, da Turawa suka gano a 1741, wajen 1768 an riga an ƙarar da shi da farauta.

Karatu

A aji ana koyon numfashinsa da haihuwarsa da yadda gaɓar teku ke ciyar da kifi. Fita fili kuma sai wajen gandun daji na W da aka kafa a 1954, ko garin Ayorou da ke bakin kogin, kuma da wuya a gan shi ido da ido don ruwan ja ne, galibi burgun da ya ci ake dubawa a tambayi masunta.

Kariya

Dokar Nijar ta hana kashe shi, CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 2013. Ana muhawara kan tasirin madatsar ruwa ta Kandadji, a kan kogin Isa.