Hoton ƙari da bututun ƙwai na ƙwari a ƙarƙashin madubin ƙara girma

Wannan wani reshe ne na nazarin ƙwari da ke ɗaukar hoton gaɓoɓin da ke ƙarshen cikin tamata, wato bututun da take saka ƙwai da shi da kuma ƙarin da take harbi da shi. Asalin gaɓoɓin biyu ɗaya ne, domin ƙarin kudan zuma da na rina bututun ƙwai ne da ya rikiɗe ya koma makamin zuba dafi, shi ya sa namiji ba ya harbi.

Zane ya riga hoto da kusan ƙarni biyu. A 1625 Francesco Stelluti ya fitar da zanen kudan zuma a Italiya kamar yadda ya gan shi ta madubi, sannan a 1665 Robert Hooke na Ingila ya zana ƙarin kudan zuma a littafinsa Micrographia. Jan Swammerdam ɗan ƙasar Holan, wanda ya rasu a 1680, ya feɗe kudan da ake kira "sarkin zuma" ya iske mahaifar ƙwai a cikinsa, aka tabbatar sarauniya ce. Aikinsa bai fito a cike ba sai wajen 1737, kuma har yau ana jinjina wa haƙurin da ya yi da kayan aiki marasa ƙarfi. Hoto na ainihi ta madubi ya soma ne wajajen 1840.

Madubin lantarki mai bin saman abu, wanda ya shiga kasuwa a 1965, shi ya fito da siffar sosai. Akan busar da ƙarin a shafe shi da zinariya siririya kafin ɗauka. A hoton ana ganin ƙarin kudan zuma gida uku ne, sanda ɗaya a sama da tsinke biyu masu zamewa a jikinta bi da bi, kowanne da ƙayoyi kusan 10 da suka juya baya kamar kunnen kibiya. Su ne ke maƙalewa a fatar mutum har cikin kudan ya tsinke ya mutu. Ƙayoyin rina ƙanana ne, don haka takan zare ƙarinta ta sake harbi.

A wasu ƙwari masu huda itace, irin su Megarhyssa, bututun yakan kai santimita 10, kuma an gano sinadaran ƙarfe a tsinin wasu danginsu.

A yau akan ɗauki hotuna masu yawa a zurfi daban-daban, kwamfuta ta haɗe su wuri guda.