Ma'aikatan Lafiya, Ku Daina Cakuɗa Bayanan Marasa Lafiya da Hirar Gida a Fuskar Kwamfuta Ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwana ma'aikatan lafiya, musamman masu kula da rajista da shigar da alƙaluma a asibitocin matakin farko da ofisoshin lafiya na ƙananan hukumomi. Aikina shi ne zagayawa ina duba yadda ake tattara rahoton wata-wata, kuma akwai ɗabi'a guda da nake tararwa kusan duk inda na ja kujera na zauna kusa da ma'aikaci, har ta kai ba zan iya ci gaba da kawar da kai ba. Ɗabi'ar ita ce jibge komai a fuskar kwamfuta ɗaya. Ga shafin DHIS2, wato inda ake shigar da rahoton lafiya, a buɗe, ga jadawalin Excel mai ɗauke da sunayen mata masu zuwa awo, ga WhatsApp inda ake maganar ankon biki, ga Facebook, ga takardar neman hutu da aka fara rubutawa tun safe ba a gama ba, duk sun hau kan juna, mai kwamfutar kansa sai ya yi ta lalube kafin ya gano inda ya tsaya.

Na san kuna da uzuri, kuma ban raina shi ba. Mutum ɗaya ne ke karɓar kati, shi ne ke cike rajista, shi ne ake kira idan rahoto ya makara, ga wuta da ba ta da tabbas, ga data da sau da yawa daga aljihunku take fita. Amma uzuri ba ya mayar da saƙon da ya riga ya tafi. Na ga jerin sunayen masu karɓar magani da aka yi niyyar tura wa jami'in sa ido ya faɗa zauren hirar dangi, saboda tagogin biyu suna maƙwabtaka kuma hannu ya riga ido. Na ga an zuba alƙaluman rigakafin wani asibiti a gurbin wani asibitin, domin jadawali biyu masu kama da juna suna buɗe a lokaci guda, aka shafe kwanaki ana neman inda lissafi ya karkace. Na kuma ga an jona kwamfuta da majigi a ɗakin taro, kafin mai gabatarwa ya nemo takardarsa jama'a sun gama karanta sakamakon gwajin wata baiwar Allah, da sunanta da unguwarta. A garin da kowa ya san kowa, wannan ya isa ya sa mace ta daina zuwa karɓar magani har abada. Ba ƙarancin ilimi ne ya jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, cakuɗa ayyuka ne a wuri ɗaya.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne maganin yana cikin kwamfutar da ke gabanku, kyauta, ba sai an sauke wata manhaja ba. Tun fitowar Windows 10 a shekarar 2015 aka saka tsarin da ke ba mutum damar buɗe teburan aiki da yawa a kwamfuta ɗaya, kowane tebur da tagoginsa, ta yadda idan kana kan ɗaya ba ka ganin abin da ke buɗe a sauran. Masu kwamfutocin Apple sun samu nasu tun 2007 da sunan Spaces, masu amfani da Linux kuwa sun riga kowa sabawa da shi. Amma har yau idan na tambayi ma'aikaci ko ya san da wannan, yawanci sai ya ce mini bai taɓa ji ba, alhali alamar tana nan a sandar ƙasan fuska kusa da wurin bincike, ya shekara yana wuce ta.

Shawarata ita ce tebur uku, kuma ina roƙon kada ku wuce huɗu, domin wanda ya buɗe goma ya koma gidan jiya. Tebur na farko na bayanan marasa lafiya ne kaɗai: rajista, jadawalin alƙaluma, shafin shigar da rahoto. Na biyu na harkokin ofis ne, wato wasiƙu, imel, takardun taro da duk abin da za a iya nuna wa jama'a ba tare da fargaba ba. Na uku naka ne, can za ka ajiye hirarka da labaranka da karatunka. Ba na hana kowa gaisawa da iyalinsa a wurin aiki, ni ma ina yi, abin da nake hanawa shi ne a zaunar da hirar a gefen sunan mara lafiya.

Ga yadda ake yi a Windows, a taƙaice:

Danna maɓallin Windows tare da Tab, za ka ga duk tagoginka da teburanka.
Windows da Ctrl da D suna buɗe sabon tebur nan take.
Windows da Ctrl da kibiyar dama ko ta hagu suna kai ka tebur na gaba ko na baya.
Don mayar da taga wani tebur, buɗe Windows da Tab, ka ja ta da linzamin kwamfuta (mouse) ka sake ta a kan teburin da kake so.
Windows da Ctrl da F4 suna rufe teburin da kake kai, kuma tagoginsa ba sa ɓacewa, suna komawa tebur na kusa.

A wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka sai an haɗa da maɓallin Fn kafin F4 ya yi aiki. Sannan akwai inda mutane da yawa ke tuntuɓe: idan shafin rahoto da shafin WhatsApp suna cikin tagar burauza ɗaya, ba za su rabu ba sai ka kama kan shafi ɗaya ka ja shi waje ya zama taga mai zaman kanta, sannan ka kai shi teburinsa. Wanda ya buɗe tebur uku amma ya bar shafuka ashirin a taga ɗaya bai yi komai ba tukuna.

Ku sa wa teburan suna. Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Mayun 2020 ake iya yin haka, ta danna sunan teburin a rubuta wani. Ku rubuta da Hausa ma idan kun so, Marasa Lafiya, Ofis, Nawa, babu wanda zai tuhume ku.

Yanzu ga batun hoton bango, wanda yawancinku kuka ɗauka ado ne kawai. A wurina kayan aiki ne, kuma ma'aikacin lafiya ya fi kowa sanin dalili. Babu wanda ke tsayawa karanta rubutu kafin ya jefa audugar da ta taɓa jini a kwandon shara mai launin rawaya, ko takarda a baƙi, launin ne ke yi wa hannu jagora ko da mutum ya gaji. Haka nake so hoton bango ya yi muku. A Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, kowane tebur yana iya samun hotonsa daban: ka buɗe Windows da Tab, ka danna ɓangaren dama na linzami a kan teburin, ka zaɓi wurin da aka rubuta Choose background, sannan ka ɗauki hoto. Ku ba teburin marasa lafiya ja, na ofis shuɗi, naku kuma kore ko duk abin da ranku ke so. Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe manhajar Paint, ka cika shafin da launi ɗaya, ka rubuta sunan teburin da manyan haruffa a kusurwa, ka adana shi a matsayin hoto. Aikin minti biyu ne, kuma daga ranar idonka zai riƙa sanar da kai inda kake kafin ka liƙa komai. A kwamfutocin Apple ma kowane tebur yana karɓar hotonsa. Windows 10 ce ba ta da wannan damar, hoto ɗaya ne ke bin duk teburan, don haka masu ita su dogara da suna da kuma jeri: marasa lafiya kullum a farko, naka kullum a ƙarshe. Su kuma sani cewa Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, saboda haka lokaci ya yi da shugabannin ofisoshi za su fara maganar sauyi.

A nan sai na ɗan yi faɗa. Don Allah ku daina sa hotunan matanku da 'ya'yanku a bangon kwamfutar ofis da hannu biyar ke taɓawa, wadda kuma ake jonawa da majigi a gaban baƙi. Ku daina sa hoto mai tarkace wanda sunayen fayiloli ke nutsewa a cikinsa har sai an matso da ido. Mafi muni, ku daina shiga shafukan da ba ku sani ba kuna sauke manhajojin da ke alkawarin hoton bango mai motsi, domin ta irin wannan ƙofa ce ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa, kuma kwamfutar da ke ɗauke da sunayen marasa lafiya ba wurin gwaji ba ce. Hoto hoto ne, ba ya buƙatar a girka komai. Duk abin da ya ce sai ka girka shi kafin ka samu hoto, ka rufe shafin. Kuma kada wani ya kuskura ya ɗauki hoton jadawalin marasa lafiya ko kalmar sirri ya mayar da shi hoton bango wai don kada ya manta. Na gani, kuma ba na son in sake gani.

Dole kuma in faɗa muku iyakar wannan tsari, domin kada ku ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Teburan aiki ba makulli ba ne. Duk wanda ya zauna a kujerarka zai iya zagaya su duka da dannawa biyu, don haka idan za ka tashi, ko da alwala za ka yi, danna Windows da L ka kulle. Fayilolin da ka zube a fuskar kwamfuta suna bayyana a kowane tebur, saboda haka fayil mai suna irin na sakamakon gwaji ba shi da wurin zama a can, a kai shi cikin jakar da ta dace. Abin da ka kwafa a tebur ɗaya yana biyo ka zuwa na gaba, wato idan ka kwafi jerin sunaye sannan ka tsallaka teburin hira, jerin yana nan a hannunka, kuma a nan ne jan bango da koren bango ke yin amfaninsu. Sanarwar saƙonni ma tana faɗowa ko a wane tebur kake, don haka kafin taro ko kafin ka nuna fuskar kwamfutarka a Zoom, kashe sanarwa, ka koma teburin ofis, kuma ka zaɓi nuna taga ɗaya maimakon fuskar gaba ɗaya. Haka nan raba tagogi ba ya rage wa kwamfuta nauyi, abin da ke buɗe yana nan yana cin ƙarfinta, don haka duk abin da ba ka amfani da shi, rufe shi. Idan wuta ta ɗauke kwamfutar ta mutu, za ka tarar da teburanka da sunayensu, tagogin ne za ka sake buɗewa kowace a mazauninta.

Wasu za su ce wannan ƙaramin abu ne da bai kai a yi dogon rubutu a kansa ba. Ina tunatar da su cewa Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, kuma dokar ta sanya bayanan lafiyar mutum cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Tun kafin dokar ma, mu da muke wannan aiki mun san cewa matar da ta faɗi ciwonta a ɗakin awo ta faɗa ne bisa amana, ba ta ba mu izinin nuna shi ga zauren 'yan ajinmu na sakandare ba. Na san babu ɗayanku da ke yin haka da gangan, na san irin haƙurin da kuke yi da aikin nan, shi ya sa nake jin zafi idan na ga mutumin kirki ya shiga matsala saboda abin da minti goma za su gyara.

Ku kuma shugabannin asibitoci da jami'an sa ido, wannan nauyin yana wuyanku. Idan kwamfuta ɗaya ce ma'aikata ke rabawa, ku zauna ku amince da tsari ɗaya da launi ɗaya, a rubuta maɓallan nan a takarda a manna a jikin bango kusa da ita, sannan duk sabon ma'aikaci ko ɗalibin da ya zo koyon aiki a nuna masa tun ranar farko. Inda hali ya yi, kowa ya samu nasa asusun shiga da kalmar sirrinsa, domin wannan ne ke raba mutum da mutum, teburan kuwa aiki da aiki suke rabawa. A zagayena na gaba, kafin in buɗe rajista ko in tambayi rahoton wata, zan fara cewa a danna mini Windows da Tab in ga teburan, kuma duk inda na tarar da hira a gefen sunayen marasa lafiya, tare za mu zauna mu raba su kafin in tashi.